Kindirmon Hajiya ya ƙi barci: muhawarar zauren Hausawan Legas kan garkuwar bakteriya

Ɗalibar Akoka:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya Hajiya ta kawo kukan kindirmonta da ya ƙi yin barci har sau uku a jere. Wasu suka ce madarar ce, wasu suka ce sanyin damina ne. Ina ɗakin gwaji lokacin, shi ya sa ban sa baki ba, amma abin ya kwana min a rai. Hajiya, mai yiwuwa ba madara ba ce kuma ba sanyi ba ne. Bakteriyar da ke mayar da madara kindirmo ita ma tana kamuwa da cuta. Akwai ƙwayoyin bairos da ba ruwansu da mutum ko dabba, bakteriya kaɗai suke kamawa. Sunansu bakteriyofej, a taƙaice fej, wato maci-bakteriya. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Twort, ya fara lura da su a 1915, sannan Félix d'Herelle a Faransa a 1917, shi ne ma ya raɗa musu sunan.

Da yawansu kai ne da wutsiya da 'yan ƙafafu. Fej ya sauka a bangon bakteriya, ya tsira mata DNA ɗinsa, wato kundin umarnin halittarsa, kamar allura, ya ƙwace injinanta ya sa su ƙera masa 'ya'ya. Wani irin, cikin kamar rabin awa bakteriyar ta fashe, sababbi ɗari ko fiye su fito, kowanne ya nufi maƙwabciya. Ni da hannuna na ɗebo ruwan kwata na tace shi, na ɗiga a farantin da bakteriya ta rufe fuskarsa. Washegari sai ga 'yan ramuka fes-fes a ko'ina, kamar inda asu ya ci rigar ulu. Kowane rami, fej guda ne ya fara shi.

Hajiya Mai Kindirmo, Agege:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ikon Allah. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a ban taɓa jin haka ba. Bari in gaya miki yadda nake yi. Madarar gari nake damawa da ruwan da ya tafasa, in bari ya huce har in iya sa yatsa in ƙirga goma, in zuba irin jiya, in rufe bokitin in naɗe da bargo. Da asuba sai in tarar ya kama, ludayi ya tsaya a ciki. Wannan satin kuwa bokiti uku suka lalace min, kowanne lita 20. Ruwa tsululu, ba tsami, sai wani ƙarni. 'Yan fura na Zango da nake kai wa har sun fara nemo wani wuri. Me zan yi?

Ɗalibar Akoka:
Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. Abu na farko, ki rabu da wannan irin gaba ɗaya, ki samo sabo daga wani wuri daban, ba daga maƙwabciyar da kuke musayar iri ba. Bokiti, ludayi, murfi, har bargon, a wanke da tafasasshen ruwa, kayan roba a jiƙa su a ruwan bilic sannan a ɗauraye sosai. Kada ruwan bokitin da ya lalace ya taɓa sabon haɗi. In an yi haka bai gyaru ba, sai a duba madarar, don ragowar maganin antibayotik a madara shi ma yana kashe iri. Zafin da bakteriyar yogot ke so kuwa tsakanin digiri 40 zuwa 45 ne.

Ki sani ba ke kaɗai ba ce. Manyan kamfanonin cuku da yogot na duniya fej ne babban ciwon kansu, shi ya sa suke juya iri, ba sa dogara da guda. A wani kamfanin iri mai suna Danisco ne ma a 2007 Rodolphe Barrangou da Philippe Horvath da abokan aikinsu suka tabbatar cewa bakteriyar yogot, Streptococcus thermophilus, tana yankar guntun DNA na fej ɗin da ya taɓa kai mata hari ta adana, in ya dawo ta gane shi ta daddatsa shi. Wannan shi ne CRISPR, wanda daga baya aka mayar almakashin gyaran ƙwayoyin halitta, har Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka ci kyautar Nobel a 2020.

Mai Albasa, Mile 12:
Tsaya ƙanwata. Halitta mai ƙwaya ɗaya tal, ba ido ba ƙwaƙwalwa ba jini, ki ce tana da garkuwa? Ni a sanina garkuwar jiki sojojin jini ne. Wannan abin da ko ganinsa ba a yi ina ya samu sojoji?

Ɗalibar Akoka:
Yaya, tambayarka ce ta kawo mu inda nake so mu zo. Sojojinta furotin ne, wato 'yan sinadaran da take ƙerawa su yi mata aiki, a cikinta suke. CRISPR ma ɗaya ne kawai cikin dabaru fiye da ɗari da aka gano zuwa yanzu. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ke aiki da saƙo. Ana ce masa CBASS. Rukunin Rotem Sorek na Cibiyar Weizmann a Isra'ila ne suka nuna aikinsa a 2019, kuma sama da kashi 10 cikin 100 na bakteriyar da aka karanta DNA ɗinsu suna ɗauke da shi.

Furotin biyu ne ginshiƙinsa. Na farko yana zaune shiru, ba ya komai sai ya ji alamar fej ya shigo. Da ya ji, ba ya yaƙi da kansa. Sai ya ɗauki tubalan da ake gina DNA da ɗan'uwansa RNA da irinsu, ya ƙulla biyu ko uku su zama ɗan zobe, ya yi ta ƙera zobban suna bazuwa cikin ƙwayar. Na biyu shi ma barci yake, amma yana da wani gurbi daidai girman zoben. Da zobe ya faɗa gurbin sai ya farka ya fara aiki. Baba Maigadi zai fi kowa gane wannan: ɗaya mai busa usur ne, zoben shi ne ƙarar usur, na biyun shi ne wanda ya ji ya fito.

Baba Maigadi, Obalende:
Na'am ɗiyata, ina biye. Shekarata 26 ina gadi a garin nan. Usur ba ya kama ɓarawo, amma ba a kama ɓarawo sai da shi. Ni kaɗai in na busa, layi guda ne zai tashi. To wanda ya fito ɗin, me yake yi wa ɓarawon?

Ɗalibar Akoka:
Baba, a nan ne abin yake da nauyi. Yawanci ba ɓarawon yake nufa ba, gidan yake rushewa. A wata bakteriyar yana narkar da fatar da ta kewaye ƙwayar, a wata yana huda ta, a wata kuma yana daddatsa duk DNA da ya tarar, nata da na fej baki ɗaya. Bakteriyar ta mutu kafin 'ya'yan fej su gama haɗuwa.

Baba Maigadi, Obalende:
A'a. Wannan ban yarda a kira shi tsaro ba. Mai gadin da ya ga ɓarawo ya cinna wa gidan wuta, ai ya fi ɓarawon ɓarna. Tsaro shi ne a wayi gari gida yana nan, mai gida yana nan.

Mai Albasa, Mile 12:
Ina bayan Baba. In ta mutu me aka kare?

Ɗalibar Akoka:
An kare dangi. Ku tuna ita fa tun da fej ya riga ya tsira mata DNA ɗinsa ya wuce tsaron farko, mutuwarta ta zo, ko ta yi ko ba ta yi ba. Saura zaɓi biyu: ta mutu nan da rabin awa ta saki fej ɗari a kan maƙwabta, ko ta mutu yanzu da shi a cikinta. Maƙwabtan nan kuma ba baƙi ba ne. Bakteriya rabuwa biyu take yi, don haka waɗanda ke kewaye da ita kwafinta ne, DNA ɗinsu ɗaya. A bokitin Hajiya, in kowace da ta kamu ta mutu da wuri, sauran biliyoyin za su ci gaba da aiki kindirmo ya yi barci.

Baba Maigadi, Obalende:
To yanzu na gane, amma misalinki ne ya kauce. Wannan ba gadin gida ba ne, gobarar kasuwa ce. Na taɓa ganin gobara da dare a wata kasuwa, rumfunan katako a manne da juna, iska tana kaɗawa. Masu hankalin cikinmu suka ce a farfasa rumfuna biyu da ke gaban wutar a janye katakon. Mai ɗaya daga ciki yana kuka yana riƙe mutane, amma aka fasa. Wutar ta zo wajen ta rasa abin ci. Layi huɗu suka tsira. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan sai jikina ya yi sanyi, don shi ma dukiyarsa ce.

Ɗalibar Akoka:
Wallahi Baba misalinka ya fi nawa, shi zan riƙa bayarwa.

Ɗan Okada, Ijora:
Ni abin da ban gane ba, me ya sa sai an bi ta saƙo? Wanda ya ji shigowar fej ɗin ya fasa rumfar da kansa mana, ya fi sauri.

Ɗalibar Akoka:
Saboda furotin guda zai iya ƙera zobba masu ɗimbin yawa, su tada masu aiki da yawa a lokaci ɗaya. Alama kaɗan ta zama babban motsi cikin 'yan mintuna, kuma tsere ake yi da fej. Sannan abin da zai iya kashe ƙwaya bai kamata ya zauna a buɗe ba, gara a kulle shi, mabuɗin ya zama sai an ƙera shi. Wasu tsare-tsaren ma suna da furotin na musamman da ke share zobban, don kada ƙaramin kuskure ya kashe ƙwaya lafiyayya.

Kuma ba CBASS kaɗai ba ne. Akwai Thoeris, wanda aka bayyana a 2018, aka sa masa sunan wata gunkiyar tsoffin Misirawa. Nasa saƙon daban ne, kuma wanda ya karɓa yana cinye wani sinadari mai suna NAD da ƙwaya ba ta iya sarrafa makamashi sai da shi, kamar a zuƙe man janareto ana tsakiyar aiki. Akwai Pycsar da aka bayyana a 2021. Wani reshen CRISPR ma yana ƙera nasa zoben.

Fej kuma bai zauna ba. A 2022 da 2023 an gano furotin da fej ke zuwa da su musamman don wannan. Acb1 yana tsinka zoben. Acb2 da Tad1 kuwa ba sa tsinkawa, tsotse saƙon suke yi su riƙe kamar soso, mai jiran saƙo ya yi ta barci.

Baba Maigadi, Obalende:
Ɓarawon da ya fara cusa tsumma a usur kafin ya hau katanga. Mun san irinsu.

Likita, Lagos Island:
Salam. Yanzu na fito daga aiki na karanta tun daga sama. Ƙanwata kin yi ƙoƙari, bari in ɗora abu biyu daga ɓangarenmu.

Na farko, wannan usur ɗin yana jikin kowannenmu. A ƙwayoyin jikin mutum DNA yana da ɗakinsa. In aka tsinci DNA a tsakar gida, inda bai kamata ba, alama ce ta bairos ko wata ɓarna. Akwai furotin mai suna cGAS da ke jin hakan, ya ƙera zobe mai suna cGAMP, zoben ya tada wani furotin, STING, shi kuma ya sa a fitar da intaferon, wanda ke gaya wa ƙwayoyin kewaye su shirya. Zhijian Chen ne ya gano cGAS a Dallas ta Amurka a 2013. Da aka duba siffarsa sai aka ga ta yi kama ƙwarai da ta furotin ɗin bakteriya, zoben ma kusan ɗaya ne, sai ɗan bambanci a wajen ƙulli. A 2020 rukunin Philip Kranzusch a Harvard suka nuna bakteriya ma tana da nata STING ɗin. Shi kuma furotin da ke busa usur a Thoeris, irin ɓangaren da yake aiki da shi yana cikin garkuwar tsirrai da ta mutane.

Na biyu shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye. Kun san a wace bakteriya aka fara ganin furotin mai ƙera zoben nan? A Vibrio cholerae, mai kawo kwalara. A 2012 aka bayyana shi, sunansa DncV, tun ba a san aikin tsaro yake yi ba. Yana cikin wani yankin DNA da ake samu a nau'in El Tor, nau'in da ya tada annobar da ta faro daga Indonesiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970, kuma har yau ita muke fama da ita. Wanda ya kwantar da mutane a garin nan a watan Yunin 2024 daga zuriyar nan yake. Sannan dafin da ke sa zawon nan mai kama da ruwan shinkafa, umarnin ƙera shi wani fej ne ya kawo wa bakteriyar ya zauna a cikin DNA ɗinta. An tabbatar da haka tun 1996. Wato fej wani lokaci maƙiyinta ne, wani lokaci shi ya ba ta makami.

Hajiya Mai Kindirmo, Agege:
Innalillahi. Lokacin nan ban manta ba, Likita. Ciniki ya tsaya cak, kowa yana tsoron abin sha na gida, masu kunun aya suka fi kowa shan wahala.

Ɗan Okada, Ijora:
To Likita, tunda fej yana cin bakteriya kuma yana cikin ruwan kwata kyauta, me ya hana a ba masu kwalara da taifod su sha?

Likita, Lagos Island:
Don Allah kada kowa ya ɗauki wannan maganar ya aikata. Ruwan kwata kwalarar ce a cikinsa da kanta. Magani da fej gaskiya ne, akwai Cibiyar Eliava a Tbilisi ta ƙasar Jojiya da ke yinsa tun 1923, kuma a 2016 an ceci wani malamin jami'a a San Diego, Tom Patterson, da fej bayan magungunan antibayotik sun gaza. Amma kowane fej da irin bakteriyar da yake ci, sai an ware, an gwada, an tsarkake. Mai kwalara kuwa rashin ruwa ne ke kashe shi, wani cikin 'yan awanni. Abin da yake buƙata ruwan gishiri da sukari ne nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba shi ana hanyar asibiti.

Zan kuma faɗi abin da ke raina, ƙanwata kada ki ji haushi. Ilimin nan yana da daɗi, amma na tsaya a kan yaron da aka kawo idanunsa sun faɗa, fatar cikinsa in ka ja ba ta komawa, muna neman jijiya ba mu samu. Abin da ya kawo shi rijiya ce kusa da masai. Mu a nan famfo da magudanar ruwa muke buƙata kafin zobba.

Ɗalibar Akoka:
Ban ji haushi ba Likita, kuma ban musa maganar ruwa ba ko kaɗan. Amma ban yarda sai an gama ɗaya za a fara ɗaya ba. Kai ka fi ni sanin yawan marasa lafiyar da kuke gwada magani uku huɗu bai kama su ba. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne bakteriya mai bijire wa magani ta kashe kai tsaye a 2019, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ranar da za mu buƙaci fej tana zuwa. In ta zo, fej ɗin da aka zaɓa a Turai ba lallai ya ci bakteriyar Legas ba, don tata garkuwar daban ce. Wanda ya san wace bakteriya ke da CBASS, kuma wane fej ke ɗauke da soson da zai tsotse saƙonta, shi zai iya zaɓar wanda zai yi aiki. Fej ɗinmu suna nan a kwatocinmu da tafkinmu, ga NIMR, cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, a Yaba, ga jami'o'i. In ba mu tattara su mun san su ba, saya za mu yi da dala.

Likita, Lagos Island:
Wannan na karɓa. Satin da ya wuce ma na ga sakamakon gwajin fitsarin wata baiwar Allah, layi bayan layi duk maganin ya ƙi, saura guda ɗaya na allura mai tsada. Da na tambaye ta, ta ce duk sanda ta ji zafin fitsari sai ta sayi ƙwaya huɗu a kemis ta sha kwana biyu ta bari. Amma ina nan a kan cewa in kuɗi ɗaya ne a hannu, famfo za a fara ja.

Mai Albasa, Mile 12:
Ni wata maganar ce ta tsaya min. Likita ya ce abin da ke jikinmu ya yi kama da na bakteriya. Kada dai a ce daga nan za a wuce a ce mana daga bakteriya muka fito.

Likita, Lagos Island:
Malam, masana fannin suna fassara kamannin da cewa asalin furotin ɗin ɗaya ne, kuma ya daɗe ƙwarai a cikin bakteriya kafin a same shi a dabbobi. Haka suke rubutawa, ba zan ɓoye maka ba. Kamannin kansa kuwa abu ne da aka auna aka gani.

Ustaz, Idi-Araba:
Malam Mai Albasa, kwantar da hankalinka. Ni abin da na ɗauka daga zancen nan tun safe tasbihi ne. Halittar da dubunta ba su cika kan allura ba, an ba ta mai ji, an ba ta saƙo, an ba ta mai amsawa, an kuma kulle abin halakarta sai da mabuɗi. Maganar asali babba ce, tana son zama na musamman da masu ilimin ɓangarorin biyu, ba a tsakiyar maganar kindirmo ba. Mu bar yarinyar nan ta ƙarasa mana.

Mai Albasa, Mile 12:
Na ji, Ustaz. Amma a sa ranar zaman, ina da tambayoyi.

Hajiya Mai Kindirmo, Agege:
Ɗiyata, na aika yaro Oshodi wajen ƙanwata ya karɓo iri, ita ba ma haɗa kaya da ita. Bokitan suna cikin ruwan bilic, bargon yana kan igiya. Tambayata ɗaya: tsohon ludayin katako da nake juyawa da shi, na mahaifiyata ne, shi ma sai na rabu da shi?

Ɗalibar Akoka:
Kada ki yar da shi, Hajiya. Ki tafasa shi sosai a tukunya, ki shanya a rana, ki ajiye shi gefe tukuna, don katako yana da ƙananan ramuka da wanki ba ya kaiwa. Wannan satin ki yi aiki da na ƙarfe. Ki fara da ƙaramin kwano, lita 2 kawai, kada a sake asarar madara. In kin yarda kuma, ki ɗebar min ruwan bokitin da ya lalace a kwalba mai murfi ki sa a firji, kada ya daskare. Ranar Asabar zan biyo ta Agege in karɓa in ɗiga shi a faranti, mu ga ko ramukan za su fito.

Hajiya Mai Kindirmo, Agege:
Saura rabin bokiti ban zubar ba, yanzu zan ɗiba. Allah Ya kai mu Asabar ɗin, ki zo da wuri kafin in fita kai wa 'yan fura.